Shugaba Fothergill da Takalminsa na Italiya

Idan ana lissafin mazajen da Allah ya hore wa baiwar hawan tsauni a Tsibirin Kudu, duk wanda ya manta bai fara da Lindsay Fothergill ba, kada ya damu, Lindsay Fothergill zai tuna masa. Shi ne shugaban kulob ɗinmu na masu hawan dutse da allon zamiya a kan dusar ƙanƙara, shekara shida a jere, kuma ba a taɓa samun wanda ya tsaya takara da shi ba, domin shi ke kawo mitfai, burodin nan mai nama a ciki, ranar zaɓe. Sana'arsa dillancin gidaje da gonaki. Hotonsa yana kan kowane allon talla tun daga gadar shigowa gari har bakin tafki, yana murmushi da haƙora talatin da biyu, ashirin nasa, sha biyu na likitan haƙori.

Mutum ne mai ilimi. Ya taɓa zuwa Turai ya yi kwana tara, huɗu daga ciki a jirgi da filin jirgi, kuma tun da ya dawo bai sake kiran dusar ƙanƙara da sunanta ba. Yana da sunaye shida da yake kiranta da su da Faransanci, kowanne sai ya murguɗa baki kamar mai tsotsar tsamiya. A gabansa muna ce masa Shugaba, don shi ya roƙa. A bayansa kuwa Damisar Falo, don ba a taɓa ganin wanda ya kai shi hawan dutse a kan kujera ba.

Wasanmu ba irin na 'yan yawon buɗe ido ba ne da inji ke ɗaukarsu ya dire su a saman tudu. Mu fata muke mannawa a ƙarƙashin allunan don kada su zame baya, mu hau da ƙafarmu awa biyar ko shida, in mun kai sama mu ɓare fatar mu sulalo ƙasa. Shugaba ya ƙware ƙwarai a kashi na ƙarshe. Kashi na farkon ne yakan ci karo da wani muhimmin taro a birnin Dunedin.

Amma bana, da sanyi ya kama a watan Yuni, lokacin hunturunmu a nan kudu, ya miƙe a zauren kulob, ya buga cokali a jikin kofi, ya ba da sanarwar da ta girgiza mu. Shi da kansa zai jagoranci tsallaken Mashigar Makiyaya.

Tsallaken nan shi ne babbar hidimarmu ta shekara. Ana tashi daga ƙarshen hanyar mota, a haura mashigar, a sauka Bukkar Jan Kwano a ɗaya ɓangaren. Shekara talatin ke nan mutum ɗaya ke jan gaba, wato Inna Hinewai Parata, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗaya, gajeruwa, busasshiya kamar kilishi, wadda ke da ɗan shagon gyaran takalman zamiya a bayan gidan burodi. Sau arba'in da biyu ta tsallake mashigar. Rabin ƙafafun garin nan ta san su fiye da yadda masu su suka san su.

"'Yan'uwa," in ji Shugaba, ya soka babban yatsa a aljihun falmaransa, "zamani ya canja. Hawan dutse yanzu kimiyya ne. Akwai abin da ake kira numfashi na ɗaya, da na biyu, har zuwa na biyar. Ni a halin yanzu ina na huɗu da rabi. Ba na raina Inna, Allah ya sani, amma jiki da jini. Daga yau duk wanda ya haura sittin da biyar sai ya kawo takardar likita, kuma wurinsa baya, inda idonmu zai kasance a kansa."

Yadda idon mutum zai kasance a kan wanda ke bayansa, wannan kimiyya ce da ba a bayyana mana ba. Shi dai shekararsa sittin da ɗaya, ya auna dokar daidai yadda za ta tsallake kansa.

Inna Hinewai ta ci gaba da kurɓar shayinta. Da aka tambaye ta ko tana da magana, sai ta ce, "A bayan ma akwai dutse."

Daga nan aka shiga horo. Shugaba ya sayi agogo mai magana da tauraron ɗan'adam, wanda ke zana taswirar duk inda mai shi ya bi, ya aika wa 'yan kulob a waya. Kullum da hantsi sai mu ga abin al'ajabi. Litinin kilomita goma sha takwas. Laraba ashirin da shida. Matasan da ke gudu tun suna makaranta suka fara jin kunyar kansu. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, tumbin Shugaba bai san ana wannan horo ba, yana nan yana ci gaba da harkokinsa.

Sai wata rana wani ya ƙara girman taswirar. Aka ga Shugaba ya fita daga gida ta ƙarƙashin shinge. Ya zaga garken tumakin maƙwabcinsa sau goma sha ɗaya. Ya tsallaka rafi sau biyu a inda babu gada, ya tsaya minti ɗaya a gindin kowane turken lantarki na titinsu, sannan ya shafe rabin awa a bayan shagon mahauci.

Glenys, matarsa, mace ce mai haƙuri wadda ba ta iya ƙarya ba. Da aka tare ta a kanti aka ce mata maigida yana ƙoƙari, sai ta ce, "Wallahi kuwa. Karen nan har ya rame."

Wani da ba Shugaba ba da ya ɓuya mako guda. Shi kuwa a taro na gaba ya yi bayanin cewa ya ɗaura wa karen agogon ne don ya gwada ingancin na'urar, kamar yadda 'yan Norway ke yi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Saura wata guda a tafi, sabon takalmin da ya saya ya iso daga Italiya. Baƙi ne wuluk mai jan layi, marar nauyi kamar ɓawon ƙwai, irin wanda zakarun tsere ke sawa, samari masu ƙugu kamar na zanzaro. Shugaba ya kawo shi kulob a cikin akwatinsa, ya ajiye a tebur, ya hana kowa taɓawa sai ya goge hannu. Daga baya ya kai wa Inna Hinewai don ta daidaita masa shi da allunan. Ina shagon ranar, na kai nawa gyara.

Ta dubi takalmin, ta dubi ƙafarsa. Ta sa shi ya cire safa ya taka ma'auni.

"Ƙafarka ashirin da tara ce, Lindsay. Wannan ashirin da bakwai ne."

"Haka ake sa shi. Zakaru ba sa barin iska tsakanin ƙafa da takalmi. Iska ɓata ƙarfi take yi."

"Zakaru ba su da wannan," ta ce, ta danna wani ƙullutu da ke gefen babban yatsansa. Ya yi tsalle kamar ya taka garwashi. "Ga faɗi kamar faranti. Ka mai da musu su ba ka daidai kai. In kuma ka ƙi, bar min shi kwana uku in gasa shi in buɗa gaban."

"Ki gasa? Takalmin da aka ƙera da hannu a gindin tsaunukan Italiya za ki sa a tanda kamar dankali? Inna, da girmanki. Ƙafa ita ke bin takalmi, takalmi ba ya bin ƙafa. Wannan shi ne bambancin ɗan wasa da ɗan yawo."

"To," in ji ta. "Ƙafarka ce."

Ya shafe minti ashirin yana cusa ƙafar dama, da taimakon ledar burodi da sabulu. Da ta shiga, fuskarsa ta yi ja kamar gauta, jijiyar goshinsa ta miƙe, ya dube mu da idanu cike da ƙwalla ya ce bai taɓa jin daɗin takalmi irin wannan ba.

Batun lafiya kuma, Glenys ce ta tasa shi gaba zuwa wurin Likita Moira Tennant. Likita ta auna jininsa, ta sake aunawa, ta canja na'ura ta auna na uku. Ta gaya masa jininsa ya hau, zuciyarsa tana tsallake bugu, kuma kada ya kuskura ya hau abin da ya fi matakalar ofishinsa sai an yi masa gwaji a babban asibiti. Mun san haka ne domin shi da bakinsa ya ba mu labari, cikin alfahari.

"Ta rikice," in ji shi. "Ba ta saba ganin zuciyar ɗan wasa ba. Zuciyar talaka tana bugawa ɗaya bayan ɗaya kamar agogon bango. Tawa takan huta a tsakani, saboda ƙarfin bugu ɗaya ya isa biyu."

Inna Hinewai kuwa ta kawo tata takardar kamar yadda doka ta ce. Likita ta rubuta layi ɗaya: tana fatan in ta kai shekarun Inna ta sami rabin huhunta. Shugaba ya karanta, ya ninke, ya ce rubutun likitoci ba ya karantuwa.

Ranar tafiya ta zo, Asabar ta biyu a watan Satumba. Mu ashirin da uku muka taru a ƙarshen hanya da sassafe, sanyi na yanka kunne. Shugaba ya fito daga motarsa cikin wata riga mai haɗe da wando, mai sheƙi, ta ɗame shi tam kamar an ɗura nama a hanji. Ya tara mu ya yi huɗubar minti ashirin da biyar a kan muhimmancin tashi da wuri. Sannan ya ɗaga sandarsa sama ya ce, "Wanda ba zai iya bin sawuna ba, kada ya ji kunya, ba laifinsa ba ne."

Gaskiya ita ce, minti goma sha biyar na farko ba mu taɓa ganin gudu irin nasa ba. Ya bar mu a baya yana tafe yana huci kamar injin nika. A minti na ashirin muka cim masa a tsaye, ya soka sanda a ƙasa. Ya ce yana nazarin ƙanƙara. A minti na talatin da biyar ya sake nazarinta. Kafin awa guda ya yi mata nazari sau bakwai, har da na durƙuso.

Da muka isa inda gangaren ya miƙe, inda dole mutum ya riƙa hawa a karkace yana juyawa a kowace kusurwa, sai aka ga ainihin kimiyya. Juyin nan yara ma sun iya: ka ɗaga ƙafa ɗaya da allonta ka juya, ka jawo ɗayar. Shugaba ya ɗaga ta dama ya juya ta gabas, ta hagu ta ce ita yamma ta nufa. Ya tsaya a tsakani, a wage, kamar almakashin da aka manta a buɗe. Sannan a hankali, cikin natsuwa da mutunci, ya kifa da fuska.

Da aka tono shi, ya tofar da ƙanƙara ya ce ya nuna mana ne yadda ba a yi.

A kusurwa ta huɗu ya kira taron gaggawa. Ya ce shugaba na gari ba ya danne na ƙasa da shi, don haka ya yanke shawarar bai wa matasa dama su ja gaba, shi zai koma baya ya duba lafiyar tsofaffi. Jama'a suka wuce, wasu na cizon leɓe. Aka bar mu mu uku: shi, da Inna Hinewai da dokarsa ta ajiye a baya, da ni da ciwon gwiwa ya ajiye.

Mun yi kamar rabin awa muna jan ƙafa a bayansa. Sai na lura ya daina magana. A shekara shida ban taɓa jin haka ba, kuma a nan ne tsoro ya kama ni. Ya zauna daɓas a kan ƙanƙara. Jan fuskar nan ya tafi, ta koma fari-fari kamar toka, gumi na tsattsafowa a goshinsa cikin wannan sanyi.

Inna ta tsuguna ta kama wuyan hannunsa, tana kallon agogonta. "Ƙirjinka na ciwo?"

"Ɗan nauyi ne kawai. Numfashi na biyar ke..."

"Rufe min baki, Lindsay. Ƙafafunka fa?"

Can ya ce, da wata 'yar murya da ban san yana da ita ba, "Inna, tun a mota na daina jin su."

Ta kira 'yan ceto ta rediyo. Suka ce gajimare ya rufe kwarin, helikwafta ba zai iya tashi ba, za su taho da ƙafa amma sai an yi awa uku. Inna ta ɗaga kai ta dubi mashigar. Tana nan sama da mu, fes, rana na haska ta, 'yan kulob sun zama ɗigo-ɗigo a jikinta. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce gare ta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sauke jakarta.

Ta ba shi ƙwayar asfirin ya tauna, ta lulluɓe shi da rigarta ta sama, ta ɗura masa shayi mai sukari. Sai ta koma kan takalmin. Ya ƙi fita. Ƙafar ta kumbura ta cika shi, maɗaurin ya daskare. Ta zaro wani ɗan zarto daga jakarta.

"Inna, don Allah," in ji Shugaba, "na Italiya ne."

"Yatsun kuma na uwarka ne, ita ta haifa maka su. Wanne za a yanka?"

Aka yanka na Italiya. Abin da ya fito daga ciki ba zan kwatanta shi duka ba, don wasu na cin abinci. Yatsun sun yi fari fat kamar kyandir, farata sun yi baƙi, dugadugan sun yi bororo sun fashe sun manne da safa. Inna ta ɗage rigarta, ta ɗora ƙafafun nan biyu masu sanyin kifi a kan fatar cikinta, ta rufe. Haka shugaban kulob ya kwanta rigingine a tsakiyar dutse, ƙafafunsa a kan cikin tsohuwar da ya ce sai an sa mata ido, yana kuka wiwi da jini ya fara komawa yatsun.

Ana cikin haka sai ga kea, akun nan na tsauni da ba ya jin kunyar kowa, ya sauka kusa da mu. Ya zaga takalmin da aka yanka, ya leƙa ciki, ya ja da baya da sauri, ya tashi ya tafi. Tsuntsun da ke cin robar gilashin mota, yau ya ga abin da ya fi ƙarfinsa.

Inna ba ta yarda a zauna jira ba, ta ce zuciya ba ta san awa uku ba. Ta haɗa allunansa biyu da sanduna da igiya ta yi abin ja, muka naɗe shi a bargon ceto, muka ɗaure shi a kai kamar buhun dankali. Ita a gaba da igiya a ƙugu, ni a baya ina riƙe da shi kada ya wuce ta. Kilo ɗari da huɗu, banda girman kai. A rabin hanya muka haɗu da 'yan ceto su shida suna haurowa, suka karɓi igiyar daga wurin Inna. Zuwa lokacin Shugaba ya ɗan farfaɗo, har ya fara gaya musu cewa ba haka ake ɗaure igiya a Turai ba.

Ya yi kwana biyar a babban asibiti. Aka sa masa wani ɗan bututu a jijiyar zuciya, aka ce da ya ƙara awa guda yana hawa da sai dai a sauko da gawa. Yatsun sun tsira, farata bakwai suka tafi. Inna Hinewai kuwa ba ta sami tsallake na arba'in da uku ba, domin a makon da ya biyo ruwan sama ya wanke ƙanƙarar. Da na yi mata jaje, ta ce dutsen ba ya zuwa ko'ina, ita ce dai ba ta da tabbas.

Kuna tsammani an ga ƙarshen zance? Ashe ba ku san mazaje ba. Bayan wata guda Shugaba ya dawo kulob da silifas da sanda, ya buga cokali a jikin kofi.

"'Yan'uwa, da yawa sun tambaye ni me ya faru a kan dutse. Zan faɗa muku. Na daɗe ina shakkar shirinmu na ko-ta-kwana. Shugaba na gari ba ya gwada jama'arsa da takarda, da jikinsa yake gwada su. Ina farin cikin sanar da ku cewa Inna ta ci jarrabawa, ko da yake akwai 'yan gyare-gyare a wajen ɗaurin igiya."

Glenys ta rufe fuska da jaka. Inna ta miƙa hannu ta ɗauki mitfai na biyu.

Labarin jawabin ya kai kunnen 'yan ceto, waɗanda yawancinsu makiyaya ne da masu gyaran famfo, mutane masu ƙarancin magana da yawan mugunta. Suka rubuto wa Shugaba wasiƙa da hatimi. Suka ce sun ga irin gudummawar da ya bayar, kuma suna roƙon ya karɓi muƙamin Babban Jigo a atisayensu na kowane wata, domin babu wanda ya kai shi sanin aikin daga ciki. Ya sa wasiƙar a gilashi ya rataye a ofis. Ya buga sabon kati da muƙamin a ƙarƙashin sunansa.

Ranar atisayen farko ya iso da littafin jawabi. Suka gaishe shi da girmamawa, suka kwantar da shi a gadon da ake jan majinyaci a kai, suka ɗaure shi tam, suka yi ta hawa da sauka da shi a tudun bayan makaranta har azahar, shi kuma yana kwance yana kallon sama yana ba da umarni. Ya dawo gida yana cewa bai taɓa ganin ƙungiya mai ɗaukar shugabanta a ka irin wannan ba.

Sau uku aka yi haka. A wata na huɗu sai wasiƙa ta biyu ta zo, gajeruwa. Kwamiti ya zauna, ya gode wa Babban Jigo, amma ya yanke shawarar mai da wanda ke riƙe da muƙamin a da, wato wani buhun yashi mai suna Bari da ke ajiye a gareji. An kaɗa ƙuri'a, shida ba ko ɗaya. Nauyinsu ɗaya, in ji wasiƙar, sanin dutsensu ma kusan ɗaya, sai dai shi Bari ba ya jawabi.